Abin da Ban Rubuta a Rahoto Ba

Ranar Laraba, bayan la'asar,
a wani aji na firamare, bayan Ƙofar Marusa,
mu bakwai a kan bencin yara,
gwiwa ta kusa taɓa haɓa.
Ni ne magatakarda. Biro nawa, littafi na kwamiti.

Na rubuta: An buɗe taro da addu'a.
Ban rubuta cewa addu'ar iri biyu ce ba,
kuma kowa ya amsa amin ɗin ɗan'uwansa.

Tallafin miliyan tara ne.
Da na karanta adadin har fanka ta tsaya,
ko da yake wuta aka ɗauke.

Takardar masu bayarwa gurbi biyar gare ta,
kowace ƙabila da akwatinta,
kamar an zana wa kaji akurki.

Arɗo Manu ya ce rijiya:
ruwan da suke sha, ko jaki sai ya yi shawara.
Agali, rawani har hanci,
ya ce sun tsare ƙofar kowa a garin nan,
ɗakin shan maganinsu ko ƙyaure babu.
Alhaja Risikatu ta zuge jaka,
ta zube sunayen zawarawa sha ɗaya
masu jiran keken ɗinki tun bara waccan.
Obinna mai kayan babur ya ce rufin makaranta,
ya faɗa da Katsinancin da ya fi nawa nuna.
Nomau bai ce uffan ba.
Zangarniyar gero ya ɗora a tebur,
tsutsa ta riga shi girbi.

Na rubuta: Wakilai sun gabatar da buƙatu.

Shugaba, Malam Sha'aibu, tsohon hedimasta,
ya ɗauki guntun alli ya raba tara gida biyar.
Lissafi ya fita daidai.
Rijiya ce ba ta fita ba.
Rabin rijiya rami ne,
rabin rufi kuwa gayyatar damina.

A aljihuna waya tana ta rawa.
Surukina ne, mai injin haƙa burtsatse.
Jiya ya ce in aiki ya faɗo
ba zai manta da kuɗin makarantar Ummi ba.
Na kife wayar a kan cinya.
Ban kashe ta ba.
Wannan ma ban rubuta ba.

Sai Hajo mai shara ta leƙo ta taga,
tsintsiya a hammata:
"Uwata Bafulatana, ubana Buzu,
marigayi mijina ɗan ƙanen Nomau ne,
'ya'yana a ƙarƙashin rufin nan mai yoyo suke karatu.
Malamai, a wane akwatin za ku sa ni?"

Shiru.
Har ƙarar Keke Napep daga titi muka ji tana canza giya.
Malam Sha'aibu ya dubi allo,
ya goge lissafinsa da hannun riga,
farar ƙura a bakin aska tara.

Aka ɗaga hannu: huɗu da uku.
Bana rijiya da rufi, sauran sai wani zagaye,
in akwai wani zagaye.
Kowane rasit a manna shi a bangon makaranta,
inda mai wucewa da akuya duk za su gani.

Alhaja ta ninke sunayenta gida huɗu,
ta mayar jaka, ba ta yi mana sallama ba.
Agali ya gyara rawani, dare ya kusa, aiki na jira.
Nomau ya ɗauki geronsa.
Gaskiya ce muka yi, ina jin,
amma gaskiya ba ta ɗinka riga.

Na rubuta: An tashi lafiya.
Kashewa: ruwan leda, naira ɗari shida.

Sunan Hajo kuwa na sa shi a gefen shafi,
can inda layi bai kai ba.
Na rufe littafi.
Wayar ta sake rawa.